Gidajen Sarautar Nguru da Bade: Abin da Sunayen Sarautu Suke Nunawa Game da Cuɗanyar Harsuna a Arewacin Yobe

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 1960 da Joseph Greenberg ya fitar da maƙalarsa a kan tasirin harshen Kanuri a kan Hausa, manazarta suka saba kawo sunayen sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima a matsayin hujjar cewa Hausawa sun ari wani ɓangare na tsarin mulkinsu daga Barno. Maganar tana da tushe. Sai dai galibin masu maimaita ta daga Kano ko Katsina ko Zariya suke hangen al'amarin, wato daga inda kalmomin suka sauka, ba a cika waiwayar hanyar da suka bi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi gidajen sarauta biyu da suka zauna a kan wannan hanya, gidan Galadiman Barno na Nguru da gidan Gidgid na Bade wanda fadarsa take Gashuwa a yau, domin a ga yadda laƙabin mulki yake shiga harshe, da yadda yake sauya ma'ana, da kuma iyakar abin da manazarcin harshe zai iya ginawa a kansa.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Ba a fahimtar tarihin waɗannan gidaje sai an fahimci ruwan da ya kewaye su. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are, idan suka gangaro gabas, sukan tarar da jerin tsofaffin tuddan rairayi, sai su rarrabu ƙorama-ƙorama suna ratsa tsakaninsu, kafin su sake haɗuwa kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Cadi. Da damina ta yi nisa ruwa yakan malale fadamun, tuddan nan su koma tsibirai, gari da gari sai da kwalekwale. A irin wannan ƙasa doki ba ya da ta cewa na tsawon watanni, kuma doki shi ne ƙarfin daular Barno da na masarautun Fulani. Wannan ne ya sa ƙananan al'ummu suka iya riƙe kansu da harsunansu a tsakanin manyan dauloli biyu.

Harsuna uku ne suka fi shafar bayaninmu. Akwai Kanuri, musamman karin Manga da ake ji a Nguru da arewacinta, wanda yake cikin iyalin Nilo-Sahara. Akwai Bade, ɗan reshen yamma na harsunan Cadi, ɗan'uwan Ngizim na Potiskum da Duwai na gabashin Gashuwa. Sai kuma Hausa, wadda ita ma 'yar Cadi ce, amma dangantakarta da Bade ta nesa ce, Bahaushe ba ya jin Bade sai ya koya. Russell Schuh, wanda ya yi aiki a Gashuwa tsakanin 1973 da 1975, ya raba Bade zuwa kare-kare uku: na yamma, wajen Amshi, da na Gashuwa, da na kudu. A yamma da su kuma an taɓa yin Auyokanci da Shiranci da Teshenanci, dangin Bade na kusa, waɗanda Hausa ta riga ta haɗiye su baki ɗaya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa.

3.0 Gidan Galadima

A zamanin sarakunan Saifawa, Galadima shi ne mai tsaron yammacin daula, mazauninsa kuwa Nguru. Masana tarihi sun saɓa a kan lokacin da gidan ya kafu a can, wasu suna kai shi ƙarni na 16, wasu na 17. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne cewa Galadima ya bambanta da yawancin manyan fadawan Barno, domin su a Birnin Gazargamu suke zaune suna aika wakilai ƙasashen da aka ba su, shi kuwa a ƙasarsa yake zaune, da fadarsa da rundunarsa, sarautar kuma ta zama ta gado a gida ɗaya. Ta hannunsa gandun Bade da na ƙananan masarautun yamma yake bi ya isa ga Mai.

Jihadi ne ya karya wannan gida. Fulanin yankin a ƙarƙashin Arɗo Lerlima, tare da taimakon 'yan'uwansu na wajen Haɗeja, sun ci rundunar Galadima da yaƙi, kuma faɗuwar Nguru ce ta buɗe hanyar da aka bi aka ci Gazargamu a 1808. Da Shehu Muhammadu al-Kanemi da zuriyarsa suka karɓi ragamar Barno, ba su mayar wa gidan da ƙarfinsa na da ba. Sun fi amincewa da bayinsu masu laƙabin Kacalla, su suka riƙa ajiyewa a garuruwan kan iyaka. Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa yankin a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, a garin Bundi ya sami Galadima Umar, sunan yana nan amma ƙasar ta tsuke. Nguru ta yau kuwa hanyar jirgin ƙasa ce ta raya ta, wadda ta iso daga Kano a wajajen 1930, ta jawo fatake da 'yan ƙwadago Hausawa masu harkar gyaɗa da ƙaro da fatu. Masarautar Nguru ta yanzu tana cikin waɗanda gwamnatin Bukar Abba Ibrahim ta tabbatar a Janairun 2000.

3.1 Kalmar Galadima

Bayanin da aka fi karɓa shi ne cewa kalmar gaɓa biyu ce ta ma'ana: Galadi, sunan yankin yamma, da ɗafa-ƙeyar -ma, wadda a Kanuri take nuna mai abu ko mai aikata abu. Aikinta daidai yake da na "mai" a Hausa, sai dai ita a ƙarshe take zuwa. Alal misali, bəla gari ne, bəlama kuwa mai gari, abin da Hausa ta mayar bulama saboda ba ta da wancan wasali na tsakiya. Haka Yarima yake, mai yankin Yeri na arewa, haka kuma laƙabin Sarkin Macina, maƙwabcin Nguru, wato Macinama. A Kanuri, ke nan, kalmar tana bayyana kanta. Duk wanda ya ji ta ya san wace ƙasa ake nufi.

Da ta shigo Hausa sai wannan ma'ana ta shuɗe, ta zama suna dunƙulalle wanda ake iya jingina shi ga kowane gari: Galadiman Kano, Galadiman Katsina, Galadiman Zazzau. Idan aka bi asali, "Galadiman Kano" tamkar a ce mai yamma na Kano ne, alhali babu Bakanon da yake jin haka. Aikin ma ya sauya daga wuri zuwa wuri. A Kano sarautar 'ya'yan sarki ce a yau. A Katsina Galadima yana cikin masu zaɓen sarki, hakimcinsa kuma a Malumfashi. A Zazzau ta kafin jihadi, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960, bābā ne yake riƙe ta, tare da Wambai da Dallatu. Ɗan sarki, da mai naɗa sarki, da wanda ba ya haihuwa balle ya bar gado, duk suna ɗaya. A nan ne nake ganin wasu marubuta suke yin gaggawa, su ga kalma ɗaya a wurare biyu su yanke hukuncin cewa tsarin mulkin ɗaya ne. Kalmar tana tabbatar da cuɗanya da kuma martabar da Barno take da ita a idon Hausawa. Aikin da mai sarautar yake yi kuwa sai an nemo shi a tarihin kowace masarauta.

Aron ya daɗe. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Dagaci daga Barno a zamanin Sarki Dauda, wanda lissafin Palmer ya sa tsakanin 1421 da 1438, ya kuma ba da labarin Galadima Dauda a zamanin Abdullahi Burja da ya gaje shi. Idan wannan lissafi ya inganta, to kalmar ta isa Kano kafin ko dai lokacin da ake cewa gidan Nguru ya kafu, abin da yake nuna cewa laƙabin ya girmi gidan.

Akwai wani abu a ƙirar kalma da ya cancanci a tsaya a kansa. Unguwar Galadima a Kano sunanta Galadanci, a Katsina Galadunci. Ta Ciroma a Kano Ciranci, ta Yarima a Katsina Yarinci. A duka huɗun an jefar da -ma kafin a ɗafa -nci. Hausa takan jefar da wasalin ƙarshe ne kawai a irin wannan ƙira, kamar Katsina da Katsinanci, don haka da an bi ƙa'ida da "Galadimanci" za a samu. Ana iya cewa gajartawa ce kurum don sauƙin furuci. Amma zuwan abin sau huɗu a birane biyu, kuma kullum a kan gaɓa guda, ya fi karkata ni ga cewa Hausawan da suka raɗa waɗannan sunaye sun san -ma ɗafi ce, wato a fadojin nan an yi zamanin da masu jin harsunan biyu suke da yawa. Sunayen da aka ƙera daga baya, irin su Galadimawa da Ciromawa, sun riƙe kalmar a dunƙule.

Ta fuskar jinsi kuwa babu wata wahala. Ko da yake sunayen Hausa masu ƙarewa da -a sun fi zama na mata, waɗannan sun bi jinsin mai riƙe da su, shi ya sa ake cewa Galadiman Kano da -n, ba da -r ba.

4.0 Gidan Gidgid na Bade

Badawa sun daɗe a yankin, ana ambaton zamansu a wajen Tagali, kusa da Gashuwa, tun ƙarni na 14. Ba su kasance ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Kowace zuriya da garinta da shugabanta, kuma a kan wannan rarrabuwa Galadima ya riƙa karɓar gandu. Zuriyar Gidgid ta fara ɗaukaka a ƙarshen ƙarni na 18. Bayan tarwatsewar da jihadi ya jawo a wajajen 1808, Badawa sun koma neman kariyar Barno, gandun kuwa har da bayi. Shaidar abin da wannan zamani ya yi musu tana cikin littafin harshe: a cikin 'yantattun bayin da S. W. Koelle ya tattara kalmomi daga bakinsu a Saliyo, ya buga a Polyglotta Africana a 1854, akwai masu jin Bade da Ngizim da Duwai. Rubutaccen bayani na farko a kan waɗannan harsuna a bakin teku aka yi shi, daga mutanen da aka raba da gida.

A wajajen 1825 Lawan Babuje ya haɗa kan zuriyoyin Bade, ya gina birnin Gogaram mai ganuwa, wanda Turawa suka rubuta Gorgoram, kimanin kilomita 43 kudu maso yamma da Gashuwa, ya daina biyan gandu. Ɗansa Mai Alhaji ya yi mulki daga 1842 zuwa 1893, shekara hamsin da ɗaya, yana kare birnin daga Haɗeja ta yamma da Barno ta gabas. Rundunar Rabe ce ta ci Gogaram a zamanin Mai Duna, wanda ya yi sarauta daga 1893 zuwa 1897. Bayan an kashe Rabe a 1900, Ingilishi suka amince da Mai Sale a 1904 a matsayin sarki mai cin gashin kansa, ba a ƙarƙashin Shehun Barno ba. An dawo da fada Gashuwa a tsakiyar shekarun 1940, zamanin Mai Umar Sulaiman, wanda kwalejin ilimi ta garin take ɗauke da sunansa. Mai Abubakar Umar Sulaiman ya hau gadon a 2005.

4.1 Daga Dugum zuwa Mai

Idan aka karanta jerin sarakunan wannan gida da idon mai nazarin harshe, za a ga laƙabi uku a jere. Na farkon jerin, Dugum Bugia da Dugum Akuya, suna ɗauke da kalmar gida, wadda 'yar'uwarta take a Ngizim da siffar dəgəm, ma'ana sarki ko shugaba. Sai Babuje da laƙabin Lawan, wanda a tsarin Barno na shugaban yanki ne da ke ƙarƙashin wani. Daga ɗansa kuma sai Mai, laƙabin da sarakunan Saifawa da kansu suke amsawa.

Abin lura shi ne lokacin da aka ɗauki na ukun. Gidan da ya ƙwaci kansa daga Barno bai koma ga kalmar kakanninsa ba, sai ya ɗauki mafi girman kalmar wanda ya yi wa tawaye. Dalili a ganina a fili yake. Dugum kowace zuriya tana da nata, don haka kalmar ba za ta iya ɗaga mutum ɗaya sama da sauran ba, wanda ya haɗa kan dugum da yawa dole ya nemi sunan da ya fi nasu. Kalmar da duk yankin ya sani da wannan nauyi kuwa ita ce Mai. Bugu da ƙari, a daidai wannan zamani ne laƙabin ya rasa mai shi a Barno, domin a 1846 Shehu Umar ya kawo ƙarshen Saifawa, gidan al-Kanemi kuma da Shehu yake amsawa. Ba Bade kaɗai ta yi haka ba. Akwai Mai a Potiskum da Biu da Tangale, akwai Moi a Fika bisa furucin Bolanci.

A nan akwai tarko ga mai jin Hausa. Ni da aikin koyarwa ya kawo ni wannan yanki daga ƙasar Hausa, na sha jin baƙi irina suna fassara "Mai Bade" da mamallakin Bade, kamar mai gida ko mai unguwa. Kalmomin biyu kama ce kawai ta haɗa su. "Mai" ta Hausa ba ta tsayawa ita kaɗai, dole a bi ta da suna, jam'inta kuma "masu". Ta Kanuri suna ce cikakkiya, ana cewa Mai ya fito, kuma tana da 'ya'ya a harshenta: maina ɗan sarki, mairam 'yar sarki, mairi fada, kərmai mulki. Irin wannan ruɗani yana tsakanin Lawan na sarauta da Lawan sunan yanka, wanda yake daga Lawal ko Auwalu, da kuma tsakanin mairam da Maryam. Mai tattara tarihin baka da bai rarrabe waɗannan ba yana iya mayar da muƙami sunan mutum, ya ƙara wa jerin sarakuna wanda bai taɓa rayuwa ba.

Ararrun kalmomin Kanuri a Bade ba su tsaya a fada ba, sun shiga addini da kasuwa da kayan gida. Schuh ya nuna a wata maƙala ta 2003 cewa da yawansu sun riƙe baƙaƙen da Kanuri na yau ya raunana ko ya zubar a tsakanin wasula, irin sauyin da ya mayar da magira, uwar sarki, ta koma maira. Ke nan mai neman tsohon furucin Kanuri zai same shi a bakin Badawa. A karin yamma kuma, inda sunaye suke ɗaukar -n a ƙarshe, abin da Johannes Lukas ya kwatanta da tanwinin Larabci, ararriyar kalma ita ma takan ɗauki wannan alama, ta zama 'yar gida sosai.

4.2 Labarin Asali

Kamar sauran gidajen sarautar yankin, na Bade yana da labarin fitowa daga gabas, har ana danganta sunan Bade da Badar ta ƙasar Larabawa. Saifawa sun jingina kansu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Daura ga Bayajida na Bagadaza. Ta fuskar harshe, dangantakar Bade da Badar kamar sauti ce kurum. Kalmomin asali na Bade, na ƙirga da sassan jiki da wakilan suna, na Cadi ne, kuma kusancinsa da Ngizim da Duwai da matattun harsunan Auyo da Shira da Teshena yana nuna al'umma da ta daɗe tana rarrabuwa a wannan kwari. Wannan ba ya rage darajar labarin. Aikinsa daban ne, yana gaya mana da wa gidan yake son a jera shi, kamar yadda ɗaukar laƙabin Mai ya gaya mana.

5.0 Juyawar Akalar Aro

Na tsawon ƙarnoni sunayen sarautu daga gabas suke tafiya yamma. Tun daga zuwan Turawa da jirgin ƙasa akalar ta juya. A yau Hausa ce harshen kasuwa da wa'azi da siyasa a Gashuwa da Nguru, matsayin da Kanuri ya riƙe a da. Sunan Nguru kansa Hausawa da yawa Guru suke cewa, kamar yadda Ngazargamu ta koma Gazargamu, saboda Hausa ba ta fara kalma da ɗan hanci haɗe da wani baƙi. A fada ma ana jin "Sarkin Bade" kafaɗa da kafaɗa da "Mai Bade", kuma sarautun da ake naɗawa don girmamawa sun fi zuwa daga yamma. Sanata Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa da ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, Sardaunan Bade ne, laƙabin da Sakkwato ta ɗaukaka, Ahmadu Bello ya yaɗa sunansa a Arewa.

Wani abin ban sha'awa shi ne yadda kalmomin Kanuri suke komowa gida da rigar Hausa. Idan aka naɗa Ciroma ko Galadima a wata sabuwar masarauta ta Yobe a yau, sau da yawa furucin da ɗafin -n da ma'anar duk na Hausa ne. Manazarcin da zai zo nan gaba ya ga Galadima a jerin fadawan wani gari kusa da Nguru zai ɗauka gadon Saifawa ne kai tsaye, alhali mai yiwuwa kalmar sai da ta je Kano ta dawo. Hanyar rarrabewa ita ce a tambayi shekarar da aka fara naɗa kowace sarauta a kowace fada, da kuma yadda tsofaffi suke furta ta idan suna magana da harshensu.

Wannan aiki yana da gaggawa a ɓangaren Bade. Ƙamusoshin da aikin binciken harsunan Yobe ya fitar a 2004, ƙarƙashin Schuh da Alhaji Maina Gimba, aka sake bugawa a 2009, sun adana kalmomi masu yawa na karin yamma da na Gashuwa. Amma ƙamus kalma yake kamawa. Kirarin sarakuna, da gaisuwar fada, da sunayen muƙaman zuriyoyi na kafin Gogaram, da na masu kula da ruwa da su, waɗannan a bakin dattawa suke, yaran birni kuwa da Hausa suke tashi. Auyo da Shira da Teshena su ma gidajen sarauta ne masu harshensu, abin da ya rage na harsunan nasu bai wuce 'yan jerin kalmomi da Turawa suka rubuta ba.

Ruwan da ya kare Bade shi ma ya sauya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ba ta zuwa yadda aka saba, wasu fadamun sun bushe, wasu kuma ruwa ya daina janyewa daga cikinsu. A inda ruwan ya zauna wata doguwar ciyawa ta mamaye ƙoramu, ta toshe hanyar kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su tsakanin Haɗeja da Nguru. Sunan da manoma da masunta suke kiran ta da shi shi ne kacalla, laƙabin bayin yaƙin da Shehunan Barno suka riƙa ajiyewa a ƙasar Galadima.